Tsayuwar da Kabiru Ya Koya Mini

Shekara bakwai ke nan da muka kai Kabiru makwancinsa a nan Doha, kuma har yau ban huce ba. Ba da ƙaddara nake fushi ba, astagfirullah, wanda ya ba da rai shi ya karɓi abinsa. Da mutane nake, da wannan gari, wani lokacin ma da shi Kabirun kansa, da ya tafi ya bar ni da ilimin da ba ni da bakin kare shi.

Masu karatu za su ga ina kiran sunansa gatsau, babu Dakta a gaba. Kada wani ya ce ba ni da ladabi. Taubashina ne. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun muna yara a Funtuwa nake ce masa bawana, shi kuma yana ce mini maigida marar gida. Digirin da ya tara bai canja komai ba. Ko falonsa cike yake da likitoci da injiniyoyi masu ƙamshin turare, in na shigo da kakin gadi a jikina sai in ce, "Kai bawa, ina shayina?" Ya miƙe ya zubo, yana cewa, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, bawan ne ya fara tsufa." Wanda bai san mu ba sai ya yi ta zare ido.

Ni daga aji biyu na sakandare na ajiye biro. Shi ya wuce har ƙasar Turawa, can inda rana ke ƙin fitowa, ya karanto ilimin tsoka da motsin jikin 'yan wasa. Da ya samu aiki a Qatar shi ya yi mini hanya na zo, aka ɗauke ni gadi a wani dogon bene na ofisoshi a West Bay. Har gobe a nan nake. Abin da ya sa na ɗauki biro bayan duk shekarun nan ba cikar shekarar kaɗai ba ce. A bana aikina ya so ya suɓuce, ga shi ina da iyali a gida da suka dogara da shi, kuma ba sata na yi ba, ba barci aka kama ni ina yi ba. A kan tsayuwa ne, yadda nake ɗora jikina a kan ƙafafuna biyu. Tsayuwar nan kuwa Kabiru ne ya koya mini ita.

Bari in faɗi abin da ya haukata shi, don mutanenmu na nan har ya mutu ba su fahimta ba. A can ƙasar sanyi akwai wani wasa da suke kira bayatalon, ni dai harbin ƙanƙara nake ce masa. Mutum zai ɗaura dogayen katakai sirara a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya goya bindiga a baya kamar jariri, ya yi ta sulu a kan dusar ƙanƙara, hawa da gangara, har sai huhunsa ya kusa fitowa ta baki. A cikin wannan hakin zai tsaya, ya sauke bindigar, ya harbi ƙananan baƙaƙen da'ira guda biyar da aka jera a nesa. Wani zagayen a kwance zai yi harbin, wani a tsaye. Duk wanda ya kuskure sai a ƙara masa gudu. Kabiru ya ce harbin kwance da sauƙi-sauƙi, ƙasa na riƙe da kai. A harbin tsaye ake gane namiji. Zuciya na dukan ƙirji kamar za ta ɓalle, ƙafafu na rawa, amma dole bakin bindiga ya natsu. Tambayarsa ke nan ta tsawon rai: wace tsoka ce ke aiki a wannan lokacin, wacce ce ya kamata ta yi shiru?

Na ce masa, "Bawa, kai da ka tashi a Funtuwa, ƙanƙarar da ka sani ta cikin zoɓo ce. Yanzu kuma ka zo garin da ƙwai ke soyuwa a kan bonet ɗin mota kana binciken masu gudu a kan ƙanƙara. Wai asiri aka yi maka?"

Ya ce, "Maigida, jiki ɗaya ne ko'ina. Ka zo ran Juma'a in nuna maka naka."

Haka na zama zomon gwajinsa. A wurin aikinsa 'yan ƙwallo da 'yan tsere yake dubawa, wannan na ƙanƙara kuwa son ransa ne, a gida yake yinsa. Ɗaki guda ya ware a gidansa na Al Wukair, lokacin unguwar ba ta cika haka ba, ta taga kana hango fili fetal da rairayi. Akwai injin gudu, akwai wani faifan ƙarfe kamar sikeli da ake tsayawa a kai, akwai kwamfuta. Bindigar kuwa ta katako ce, don nan ba garin da ake ajiye bindiga a ɗaki ba ne. Wani kafinta ya sassaƙa masa, ya cusa mata ƙarfe har ta yi nauyin ta gaske, ya ɗaura ɗan haske ja a bakinta. Bayan mun sauko daga masallaci mun ci tuwon matarsa Hajiya Rabi, sai ya sa in tuɓe riga, ya aske mini gashin ƙafa wuri-wuri, ya lilliƙa mini wasu faifai masu wayoyi a kafaɗa, da wuya, da gadon baya, da cinya, da sha-raɓa. Ya kunna injin ya ce in yi gudu. In yi ta yi har in fara zaginsa da zagin kakanninsa, waɗanda rabinsu nawa ne. Sai ya kashe, ya miƙo mini katakon, ya ce in hau faifan in saita jan hasken a kan wani ɗigo da ya yi a bango.

Ranar farko na yi abin da kowane namiji zai yi. Na ƙame, na turo ƙirji, na ɗage kafaɗa, na damƙe bindigar kamar ɓarawon da na kama. Jan hasken nan ya yi ta yawo a bango kamar ƙuda a cikin kwalba. Iya ƙarfin da na ƙara, iya haukan da ya ƙara. Kabiru ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Layuka ne jere, kowanne na tsoka ɗaya, duk sun tashi tsaye suna tsalle.

Ya ce, "Ka gani? Kowa a gidanka ihu yake yi. Kafaɗa na ihu, wuya na ihu, baya na ihu. Wa zai ji wani?"

Sai ya zagayo ya gyara ni da hannunsa. Ya buɗa ƙafafuna daidai faɗin kafaɗa. Ya tura ƙuguna ɓangaren bangon, ya ɗora gwiwar hannuna ta hagu a kan ƙashin ƙugun, yadda nauyin bindigar zai bi ƙashi ya sauka ƙasa ba tare da ya roƙi tsoka komai ba. Ya dafa kafaɗuna ya ce, "Sake su. Ba naka ba ne, aro ka yi." Ya ce in fitar da numfashi rabi in dakata. Na ga layukan nan suna kwantawa ɗaya bayan ɗaya, sai na ƙasan ƙafa kaɗai ke ɗan motsi. Hasken bai tsaya cak ba, amma ya daina hauka, ya koma lilo a hankali kusa da ɗigon.

Na ce, "Ai har yanzu yana motsi."

Ya ce, "Zai yi ta motsi har ranar da za a yi maka wanka. Mai rai ba ya tsayawa cak, maigida. Gwanayen ma lilo suke yi, sun dai san lilonsu ne, suna jira ya kawo su kan ɗigon su taɓa kunamar bindiga. Wanda ya ce sai ya kashe lilon da ƙarfi, shi ne ke fara karkarwa."

A lokacin bayana ya riga ya fara ciwo. Mai gadi a irin benenmu wuni yake a tsaye a kan dutsen marmara, ga sanyin esi yana shiga ƙashi. Da yamma in na sauka daga motar kamfani sai na dafa bango kafin in cire takalmi. Na sha magani har cikina ya fara ƙuna. Ranar da na yi masa ƙorafi bai rubuta mini komai ba, sai ya liƙa mini wayoyinsa ya ce in tsaya yadda nake tsayawa a bakin aiki. Layukan suka tashi kamar na ranar farko, alhali ko tsinke ban riƙe ba. Ya ce, "Kai wuni kake kana dambe da kanka, kuma ba a biyanka kuɗin damben." Ya gargaɗe ni kada in kwaikwayi karkata ƙugun maharba, wannan na ɗan lokaci ne, in na wuni a haka zan karye. Abin da zan ɗauka daga wurinsu shi ne sauran: in sauke kafaɗa, kada in kulle gwiwa, in bar ƙashi ya ɗauki kaya, in riƙa sauya nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan, in bar jikina ya yi ɗan lilonsa. Ban yarda ba, don bawa ne ya faɗa. Amma na gwada. Kafin azumin shekarar ya zo na daina dafa bango.

Ciwon hanta ne ya ɗauke shi, bai daɗe yana jinya ba. Aikin da yake ta tarawa a kan masu harbin nan bai kammala ba. Hajiya Rabi ta kwashe yara ta koma Kaduna, gidan Al Wukair wasu suka shiga.

Yau in da zai leƙo, me zai ce? Unguwar tasa ba zai gane ta ba, filin da muke hangowa ta taga duk ya zama gidaje iri ɗaya kamar an buga su da hatimi. Zai ga kowa da agogon da ke ƙirga bugun zuciyarsa, kowa da waya mai gaya masa taku nawa ya yi, amma kowa a ranƙwafe kamar mai neman allura. Na san zai yi dariya, don shi komai dariya ne a wurinsa. Ni ba na iyawa. Kowace shekara mutanenmu na nan suna haɗuwa a yi masa addu'a, Allah ya saka musu. Amma ku ji abin da ake faɗa a kansa: mutumin kirki ne, mai zumunci, ba ya fashin taro. Duk gaskiya ne. Sai dai ko mutum ɗaya bai taɓa miƙewa ya faɗi abin da Kabiru ya sani ba. Bara wani babban injiniya, wanda ya sha cin tuwo a gidan, ya ce mini, "Allah sarki Dakta, shi da wasan ƙanƙararsa." Yana murmushi, kamar yana maganar yaron da ke tara murafen kwalba. Shi kuwa a lokacin da filo a bayansa yake zaune, saboda ciwon baya. Wa zai saurari mai gadi a falon masu digiri?

To a farkon bana aka canja mana shugaban masu gadi. Sabon tsohon soja ne daga wata ƙasa, mu dai Kaftin muke ce masa. Ranar da ya fara aiki ya jera mu ya ce benen nan manyan kamfanoni ne a ciki, mai gadi shi ne fuskar gini, don haka daga yau tsayuwar fareti yake so: ƙirji waje, kafaɗa baya, gwiwa a miƙe, hannu a bayan ƙugu, babu motsi. Kyamara na kallonmu daga kowace kusurwa, shi kuma yana zaune a ɗakinsa a kan kujera mai juyawa yana kallon kyamarar. Ba a yi sati ba ya kira ni. Ya nuna ni a allo, ga ni nan ina ɗan lilona, kafaɗa a sake. Ya ce na yi kama da mai jiran mota a tasha. Ya tuna mini cewa kwantiragina a bana zai ƙare, kuma da sa hannunsa ake sabuntawa.

Na gwada yi masa biyayya, Allah ya sani. Mutum mai 'ya'ya a makaranta ba ya wasa da kafil, wato uban gidan da takardar zamansa ke hannunsa, da mutanen kafil. Na ƙame kamar yadda yake so. Cikin 'yan kwanaki tsohon ciwon ya dawo da ƙannensa, har yana sauka ta cinya zuwa ɗan yatsa. Sujada ta zama aiki. Na koma dafa bango.

Abokin tsayuwata a ƙofar gaba Mumuni ne, mutumin Zangon Kumasi, sa'ana, mai baki kamar reza. Shi ya fi ni tsoron Kaftin, don yana gina ɗaki biyu a gida bai rufa ba. In Kaftin ya ce a ƙame, Mumuni sai ya zama ƙarfe. Nakan ce masa ta gefen baki, "Mumuni, saki gwiwar nan, za ka faɗi." Shi kuma ya amsa ba tare da ya motsa leɓe ba, da Hausarsu ta Zango da ake ce wa aboki Masa, "Masa, bar ni. Likitan ka ya mutu, Kaftin na da rai." Wata ranar Lahadi da hantsi, mutane na ta shigowa ofis, na ji ya ce, "Masa, ƙafa na ya tafi." Kafin in juya ya zube gaba ɗaya kamar an sare itace, haɓarsa ta daki marmara. Jini har kan takalmin wata mata.

Bayan motar asibiti ta tafi da shi, Kaftin ya sauko yana faɗa, wai Mumuni bai karya kumallo ba ne. Nan haƙurina ya ƙare. Na ce ba yunwa ba ce, tsayuwar ce. Na ce ɗan'uwana likitan tsoka ne, ya nuna mini da na'ura. Turancina na bakin ƙofa ne, Larabcina na kasuwa, kalmomin Kabiru kuwa ko da Hausa ban riƙe rabinsu ba. Na fara ba shi labarin mutanen ƙanƙara masu goyon bindiga, yana kallona kamar na sha wani abu. Da na ga baki ya kasa, sai na ce bari in nuna masa. Na buɗa ƙafa, na tura ƙugu, na ɗora gwiwar hannu a kan ƙashi, na ɗaga bindigar da babu ita, na kwantar da kumatu, na runtse ido ɗaya. Wallahi ban taɓa yin tsayuwar da kyau kamar ranar ba. Kuma daidai lokacin lif ya buɗe, wasu manyan baƙi masu farar jallabiya suka fito, suka tarar da baƙin mai gadi ya saita su, ga jini a ƙasa ba a gama gogewa ba.

Ba sai na faɗi sauran ba. Kaftin ya ce, "Khalas!" wato ya isa, har sau uku. Aka kai ni ofis, aka maimaita mini hoton a allo, aka ba ni gargaɗin ƙarshe. Ya ce in ya ƙara ganin kafaɗata ta sauka ko gwiwata ta lanƙwashe, in fara haɗa jakata. Mumuni da ya fito daga asibiti da ɗinki a haɓa, aka ce lafiyarsa ba ta dace da aikin ba. Yana Kumasi yanzu, ɗakunan nan biyu har yau babu rufi.

A makon na kira Hajiya Rabi. Bayan gaisuwa da tambayar yara na ce, "Hajiya, na'urar nan ta mutumin, mai wayoyi, tana ina?" A raina in na same ta zan liƙa wa Kaftin a kafaɗa ya ga ihun da tsokarsa ke yi da idonsa. Ta ce ai ta ba wani ɗalibinsa tun kafin su taso, ba ta ma san ƙasar da yake ba yanzu. Ta ce, "Bindigar katakon dai tana nan, Baban Ummi. Yara sun cire hasken, da ita muke tokare ƙofar kicin in iska ta taso." Ta yi dariya, ni ma na yi, don kada ta ji wani abu. Na ajiye wayar. Ko da na samu na'urar ma, wa zai karanta layukan? Ni na san yadda suke ji a jiki, shi ya san sunayensu. Rabin ilimin yana kabari, rabin yana jikin mutumin da ba a saurara.

Abin da ya rage mini zaɓi biyu ne, kuma duka ba na so. In tsaya irin ta Kaftin in gurgunce, ko in tsaya irin ta Kabiru a sallame ni. Ranar hutuna na shiga Al Asmakh, cikin tsofaffin lungunan nan da gine-ginen gilashi ba su kai ga cinyewa ba, wurin wani tela da ke yi mana gyaran kaki. Na ce ya buɗa mini wandon daga cinya zuwa ƙasa, ya sa masa sitati mai tauri yadda zai tsaya da kansa ko gwiwa ta lanƙwashe a ciki. Na ce rigar kuma ya cusa mata soso a kafaɗa, mai kauri, ya ɗan ja shi baya, ya ƙara wani siriri a ƙirji. Telan ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Aure za ka ƙara?" Na ce, "Yalla, ɗinka kawai."

Da kakin nan nake aiki yanzu. Daga waje soja ne a tsaye, kafaɗa sama, ƙirji gaba, wando miƙe kamar an ja layi. Daga ciki kafaɗuna na gaskiya suna kwance abinsu a ƙarƙashin soso, gwiwoyina a sake, nauyina na tafiya daga dama zuwa hagu a hankali yadda kyamara ba za ta kama ba. Lilon ma na rage shi ya koma cikin takalmi. Ciwon ya ja baya, ina sujada ba tare da na cije leɓe ba. Watan jiya Kaftin ya sa hannu a kan sabon kwantiragina. Bai tsaya nan ba, sai da ya jera sababbin yaran da aka kawo, ya nuna ni ya ce, "Ku dubi wannan. Da shi ne mafi lalacewa a cikinsu, yanzu ga shi kamar sanda. Kowa ya tsaya kamar shi." Yaran nan suka dube ni, suka ƙame, suka kulle gwiwa. Ina tsaye ina kallonsu. Daga baya na ja biyu gefe na faɗa musu gaskiya har da sunan telan. Ɗaya ya yi dariya, ɗayan ya ce shi ba ya son matsala.

Wannan shi ne abin da ke ci mini rai, kuma shi ya sa na ce ban huce ba. Aikina ya tsira, tuwon 'ya'yana ya tsira, alhamdu lillahi. Amma da ƙarya ya tsira. Mutum ya bar garinsu, ya sha sanyin da ba a halicce shi dominsa ba, ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauraren tsokar mutane, ya gano abu mai amfani wanda zai hana irin su Mumuni faɗuwa a kan haɓa. Yau gaskiyar tasa ba ta da wurin zama a garin nan sai a ɓoye, kamar kayan sata. Kuma ni da na fi kowa saninta, ni aka ɗaga a matsayin hujjar cewa ba a bukatarta.

Na san abin da zai ce in da yana nan. Zai zagaya ni sau biyu, ya latsa soson da yatsa, ya ce, "Maigida marar gida ya zama maigida marar kafaɗa." Zai yi dariya har ya yi tari. Bayan nan kuma zai sa kwat ɗinsa ya hau bene wurin masu ginin, ya yi musu bayani da irin Turancin da suke tsoro, a canja dokar kafin la'asar. Wannan ne ba ni da shi, kuma babu telan da zai ɗinka mini.

Masu rubuta irin wannan shafi sukan rufe da lissafa abin da mamaci ya bari, gidaje, ɗalibai, littattafai. Kabiru ya bar 'ya'ya huɗu masu tarbiyya, Allah ya raya su. Na aikinsa kuwa, iya abin da na sani ya rage shi ne katako a ƙofar kicin a Kaduna, da gwiwoyi biyu a sake cikin wandon wani mai gadi a West Bay. Ba shi da yawa. Amma kullum da hantsi, in rana ta bugi gilashin benen da ke fuskantarmu ta jefo wani ɗan haske a bangon marmara, nakan sa masa ido, in fitar da numfashi rabi, in dakata, in ji jikina yana kai ni yana dawo da ni a hankali. A nan nake yi masa addu'a, a tsaye, Kaftin na kallona a allo yana jin daɗi.

Allah ya jiƙanka, bawana, ya yalwata maka kabarinka. Kai ka samu ka kwanta. Maigidanka yana nan a tsaye.